Canon EOS R5 da tsofaffin gilasan EF: adafta, zafi da manhajar da ta sauya mata hali

Duk wanda ya ce zai sayi Canon EOS R5, musamman ta hannu, tambayar da ake fara jefa masa ita ce: "Ba ita ce mai zafin nan ba?" Ita ce. Sai dai kyamarar da ta jawo wa kanta wannan suna a watan Yulin 2020 da wadda ke cikin jakata yanzu, gangar jikinsu ce kawai ɗaya. Manhajar da ke tafiyar da ita an sabunta ta sau da dama, halinta kuma ya sauya tare da ita. Ni hoto ne aikina, bidiyo yana biyo baya ne, kuma kusan duk gilasan (lens) da nake ɗaura mata tsofaffin EF ne, wato na tsohon bakin kyamarorin Canon masu madubi, da na taho da su tun zamanin kyamarar 5D Mark III. Da wannan idon nake auna ta. Wanda sana'arsa ɗaukar doguwar lacca ce ko taron da ba a san lokacin tashinsa ba, hukuncinsa zai sha bamban da nawa, kuma da gaskiyarsa.

Da adafta zan fara, domin ita ce ta sa na yarda na bar kyamara mai madubi, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane da yawa suna jin kalmar adafta sai ransu ya ba su cewa hoto zai rage kyau ko fokas zai yi sanyi. A tsakanin EF da RF, wato sabon bakin da R5 ke da shi, babu wannan. A tsohon tsarin EF, wanda Canon ta fito da shi a 1987, tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa milimita 44 ce, saboda sai an bar wa madubi wurin ɗagawa. A tsarin RF na 2018 babu madubi, sai tazarar ta dawo milimita 20. Aikin adafta kawai ta cike gurbin milimita 24 ɗin nan da ya rage, ta kuma miƙa saƙon lantarki daga gilashi zuwa kyamara. Ka ɗaga ta sama ka leƙa, rami ne kawai, babu ko ɓarin gilashi a ciki. Hasken da ya fito daga bayan gilashinka ba ya ratsa komai kafin ya sauka a kan sensa. Faɗin bakin ma ɗaya ne, milimita 54 a duka biyun, kuma kyamarar tana jin yaren EF kai tsaye, ba tafinta ake yi mata ba. A nan ta bambanta da wanda ya ɗaura gilashin Canon a kan Sony ta hanyar adaftar Metabones ko Sigma MC-11, inda dole adaftar ta juya maganar wani kamfani zuwa ta wani.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsofaffin gilasan sun fi yin aiki a kanta fiye da yadda suka yi a kan kyamarorin da aka ƙera su dominsu. Ɗauki EF 135mm f/2L, gilashin 1996. A kyamara mai madubi, na'urar da ke auna fokas daban take, tana can ƙasan madubi, sensa kuma daban. In aka samu saɓanin da bai kai kaurin gashi ba tsakaninsu, sai ka buɗe gilashi a f/2, ka saita a ido, hoto ya fito fokas na kan gira ko kan kunne. Shi ya sa muke ɓata lokaci muna daidaita kowane gilashi da kowace kyamara a cikin menu. R5 a kan sensar kanta take auna fokas, saboda haka wannan saɓanin ya kau gaba ɗaya. Tana kama idon mutum, ta bi shi har gefen firam, inda ɗigon fokas 61 na 5D Mark III ba su taɓa kaiwa ba. Ka ja hoton a kwamfuta ka faɗaɗa shi, sai ka ga gashin ido ɗaya bayan ɗaya, har da inuwar taga a cikin ƙwayar idon. Gilashin dama can yana da wannan kaifin, ba a ba shi dama ba ne.

Ga kuma ribar hana girgiza. 135 ɗin nan ba shi da ita, haka EF 400mm f/5.6L na 1993 da nake bin tsuntsaye da shi. Sensar R5 tana motsi da kanta don ta rama rawar hannu, sai ga gilashin da ya haura shekara talatin da fitowa ya samu abin da ba a haife shi da shi ba. A 135 taimakon a fili yake. A 400 yana raguwa, domin duk yadda gilashi ya yi tsawo, motsin sensa kaɗai ba ya isar sa, amma ko natsuwar da hoton ke yi a wurin leƙawa ta wadatar ka iya riƙe tsuntsu a firam. Mataki takwas na hana girgiza da Canon ke talla da shi na wasu gilasan RF ne, kada ka sa ran ganin sa a tsohon EF. In gilashin naka yana da tasa na'urar hana girgiza, makunnin da ke jikinsa shi ke kunna ta da ta kyamarar a tare, shi ke kashe su a tare. Ba za ka iya zaɓar ɗaya ka bar ɗaya ba.

Adaftar Canon iri uku ce ga mai R5. Akwai zallar, mai nauyin giram 110, wadda ba ta da wani ƙari. Akwai mai zoben juyawa, giram 130, wadda za ka ɗora wa zoben aikin da ka ga dama. Ni ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, na ba shi. Zoben yana can manne da jikin kyamara, kusa da inda tafin hannun hagu ke tallafe ta, kuma sai hannu ya saba kafin ya daina neman sa a gaban gilashi. Ta uku ita ce mai aljihun filta, kuma ita ce mafi wayo a cikinsu. Tun da gurbin milimita 24 ɗin nan fanko ne, sai suka yi masa ƙofa a gefe, ana zura filta a bayan gilashi maimakon gabansa. Filtar rage haske da ke zuwa da ita tana sauka daga mataki ɗaya da rabi har zuwa tara, da ɗan ƙaramin gargare da ake murzawa da yatsa. Mai bidiyo ya san darajar wannan: filta ɗaya ta wadatar da duk gilasanka, babu ruwanka da wannan bakinsa milimita 77 ne wancan 82. Har gilasai masu ƙullutun gaba irin EF 11-24mm f/4L, da ba su da zaren ɗaura filta a baki, sun samu mafita. Abu biyu za ka sani. In ka murza ta har ƙarshe, launi yana karkata, don haka a tsaya kafin a kai bango. Sannan aljihun ba a barin sa a buɗe, dole wani abu ya toshe shi. In ka shiga ɗaki mai duhu ba ka son rage haske, sai ka zura farar filta, ita kuma daban ake sayen ta. Wannan ƙarin ciniki ne da ya kamata a ce an haɗa shi a kwali ɗaya. Abin dariyar shi ne mai gilashin RF sabo fil ba shi da wannan gata, sai mu masu tsofaffi.

Akwai adaftoci na wasu kamfanoni, masu sauƙin kuɗi, kuma wasunsu ba laifi. Ɗaya dai ta taɓa zuwa hannuna, ba zan kama suna ba, da ta koya mini inda ake rage kuɗin. Da ƙaramin gilashi irin 50mm lafiya lau take. Da na ɗaura mata mai nauyi, sai na ji ɗan wasa a mahaɗar: in ka riƙe kyamara da dama, ka murɗa gilashi da hagu, yana ɗan motsawa, ƙas, kafin ya tsaya. Motsin bai kai a gani da ido ba, amma ya isa 'yan ƙarafan sadarwa su rabu na ƙiftawar ido, lambar ƙofar haske ta koma F00, fokas ya tsaya cak sai an kwance an sake ɗaurawa. Na haska cikinta da tocila, sai na ga baƙin fentin yana ɗan sheƙi. Duk hoton da fitila ko rana ke gaban gilashi sai ya fito da wani hazo-hazo, baƙin ya zama toka-toka. Robar hana ƙura a baki ma babu. Araha ba ta ado. In za ka sayi irin waɗannan, ka je da gilashinka mafi nauyi ka gwada, ka kuma haska cikinta ka ga ko baƙin a dushe yake.

Ba komai adafta ke gyarawa ba. R5 tana ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa da shotar inji, amma ba da kowane gilashin EF ba. Canon tana da jerin waɗanda ke kai wa wannan gudun, tsofaffi da yawa ba sa ciki. Alamar H+ a allo ita ke gaya maka gaskiya: in koriya ce kana kan cikakken gudu, in ta koma fara an rage maka. Batir ma yana da hannu a ciki, in cajin batirinta na LP-E6NH ya yi ƙasa gudun yana sauka ko da gilashin ya cancanta. A bidiyo kuma, injin fokas na tsofaffin gilasai don hoto aka yi shi, tsalle yake yi zuwa inda aka aike shi, ba tafiya a hankali ba, kuma makirufon kan kyamara yana jin ƙararsa. Masu injin STM da Nano USM sun fi laushi. Gilasan EF-S, na kyamarori masu ƙaramar sensa, suna hawa, sai dai kyamarar tana yanke firam da kanta, megafiksel 45 su dawo kimanin 17. Na EF-M, na ƙananan kyamarorin EOS M, ba sa hawa ko kaɗan, domin tazararsu milimita 18 ce, ta gaza ta RF. In kana da Sigma ko Tamron na bakin EF, yawanci suna aiki, amma ka fara sabunta manhajarsu ta USB Dock ko TAP-in Console kafin ka ɗora wa adafta laifi.

Sai batun zafi.

Ya kamata a fara da abin da Canon ta faɗa da bakinta a 2020, don ba ɓoyayyen abu ba ne. A ɗaki mai digiri 23, kyamara tana sanyi kafin a fara, 8K zai yi kimanin minti 20 ta tsaya. 4K mai firam 120 a daƙiƙa kimanin minti 15. 4K mai firam 60 kimanin minti 35. 4K HQ, wanda ake matso shi daga 8K shi ya sa ya fi kaifi, kimanin minti 30. 4K na gama-gari mai firam 30 kuwa zafi ba ya tsayar da shi. Waɗannan lambobin su kaɗai ba su ne suka tayar da ƙura ba. Lokacin hucewa ne. Bisa lissafin kamfanin, in ta tsaya a 8K ka kashe ta minti 10, abin da za ta ba ka minti 3 ne. Ka jira minti 20, ta ba ka 8. Kuma ɗaukar hoto ma, ko barin ta a kunne kana duba menu, yana cin wannan lokacin tun ba ka danna jan maɓalli ba. Ga mai aiki wannan ya fi iyakar kanta muni, domin ba ka san nawa ya rage maka ba sa'ad da abin da kake jira ya faru.

Dalilin ba sihiri ba ne. Firam ɗaya na 8K ya haura megafiksel 35, ana karanta 30 a daƙiƙa, injin DIGIC X yana sarrafa su, ana zuba su a katin CFexpress da gudun da ya kai megabit 2600 a daƙiƙa in RAW ne, wato ɗanyen bayanin sensa. Sensa na fitar da zafi, injin na fitarwa, katin ma na fitarwa; wanda ya taɓa zare CFexpress bayan doguwar ɗauka ya san ba a riƙe shi da yatsu biyu a tsaya hira. Duk wannan a cikin jikin da bai wuce giram 738 ba har da batir da kati, an toshe kowace kafa da roba don kada ruwa da ƙura su shiga, babu fanka, babu hujin iska. Filas ce: abin da ke hana na waje shiga shi ke hana na ciki fita. Sensar kuma a rataye take tana yawo saboda hana girgiza, ba a manne ta da ƙarfen da zai janye mata zafi ba. Roger Cicala na Lensrentals, kamfanin hayar kayan hoto, ya warware ta a shekarar, ya auna inda zafin ke taruwa, abin da ya gani ke nan: hanyar fitarsa kaɗan ce.

Amma akwai wani ɓangaren da ya fusata jama'a fiye da wannan. Masu bincike a intanet sun gano cewa in aka yi wa kyamarar dabara ta manta agogonta, sai ta yarda ta ci gaba da ɗauka nan take, alhali jikinta bai huce ba. Wasu sun sa ta a firji, ta yi sanyi ƙalau, amma ta ƙi ba da cikakken lokaci. Wato manhajar farko tana dogara da ƙidayar lokaci sosai, ba da ainihin zafin da ke jikinta kaɗai ba. A ganina kamfanin ya yi taka-tsantsan ne har ya wuce gona da iri, sannan ya yi tallar 8K da babbar murya kamar ita ce dalilin kyamarar. Da sun ce ga kyamarar hoto mai megafiksel 45 da ke iya ɗan taɓa 8K in ta kama, da rabin hayaniyar ba a yi ba.

Gyaran a hankali ya zo. Manhaja ta 1.1.0, a watan Agustan 2020, ta gyara yadda take auna zafi da yadda take lissafin lokacin ɗauka, sai sanyaya ta daga waje ya fara yin tasiri, hucewa ta ɗan yi sauri. Babban sauyin sai a watan Yulin 2022, da 1.6.0, wadda ta ƙara zaɓin matakin zafin da kyamara za ta kashe kanta a kai. In ka mayar da shi High, tana jure zafi fiye da da kafin ta tsaya. A lura da kyau: ba a rage zafin ba, an ɗaga mata haƙuri ne. Jikin yana yin zafi sosai a hannu, shi ya sa Canon da kanta ta ba da shawarar a ɗora ta kan ƙafa uku a wannan yanayin, a kuma yi hattara da katin. Ni a High na bar ta. Irin aikina, hira ta minti goma ko sha biyar a 4K HQ, ɗan tsayawa a gyara fitila, a ci gaba, sannan gajerun 4K 120 na motsi a hankali, tana kai ni ƙarshen yini ba tare da na tsaya jiran ta ba. In hirar za ta yi tsawo, na sauka zuwa 4K na gama-gari. Ya ɗan fi laushi in ka kafa shi gefe da gefe da HQ a babban allo, amma wanda zai kalla a waya ba zai ce ga bambancin ba.

'Yan halaye kaɗan suna ƙara mata numfashi, ba kuma sa cin ko sisi. Ka janye allon daga jikinta, domin bayan kyamarar hanyar fitar zafi ce, allon a rufe murfi ne. Ka kashe ta tsakanin ɗauka maimakon barin ta tana kallon bango. Ka kunna zaɓin da ke rage ingancin hoton allo yayin jira. Baƙin jiki ne, in rana na dukan sa kai tsaye ya riga ya yi nisa kafin ka fara, don haka ko farin ƙyalle ka yafa mata. In an tashi hutu, ka buɗe ƙofar kati ka zare shi ya sha iska. Wanda ke da na'urar ɗauka ta waje irin Atomos Ninja, ya tura hoto ta HDMI ya cire katin ciki, ya rage mata babban tushen zafi guda. Sai dai ramin HDMI ɗin ƙarami ne, irin micro, ba ya son a ja shi. A sa masa maƙalin waya. Tilta ta yi fankar da ake mannawa a bayanta, Kolari Vision kuma tana buɗe ta ta sa mata ƙarfen janye zafi a ciki. Tun bayan 1.6.0 ban ga abin da zai sa mai aiki irin nawa ya bari a buɗe masa cikin kyamara ba.

Wani abin da masu kukan minti 20 ba su cika lissafawa ba: 8K RAW yana cin kusan gigabait 20 a minti ɗaya. Minti 20 ɗin nan sun kusa gigabait 400. Katin gigabait 512 zai cika jim kaɗan bayan lokacin da zafi zai tsayar da kai. Sannan ka zo kwamfuta ka ga ko za ta iya juya shi. Inda 8K ke yi mini rana shi ne in ɗauki 'yan daƙiƙoƙi in ciro firam guda a matsayin hoto, ko in yanke kusurwa biyu daga ɗauka ɗaya.

Iyakar da babu manhajar da ta cire ita ce ta minti 29 da daƙiƙa 59. Ko kyamarar tana sanyi kamar ƙanƙara, in ta kai nan sai ta tsaya ka sake dannawa. Asalin wannan ƙa'ida tsohon harajin Tarayyar Turai ne a kan kyamarorin bidiyo, ba ta da alaƙa da zafi, kuma R6 Mark II ta 2022 ta fito babu ita. An bar R5 da ita, kuma ban ga hujjar hakan ba. Wannan, fiye da zafin ma, shi ne dalilin da ba zan ba mai ɗaukar dogon taro shi kaɗai shawarar sayen ta ba. Shi R5 C ya kamata ya duba, wadda ta fito a farkon 2022 da fanka a ciki, tana ɗauka ba iyaka, ko da yake ita kuma an cire mata hana girgizar sensa, batir ma ba ya daɗewa a yanayin bidiyo. R5 Mark II ta 2024 an yi mata hanyar iska a jiki, da wani mariƙi mai fanka da ake saye daban. Duk waɗannan amsa ce daga kamfanin cewa fanka ce maganin gaskiya.

Ba zafi kaɗai sabuntawar ta taɓa ba. 1.3.0 a watan Maris 2021 ta kawo Canon Log 3, wato salon ɗaukar bidiyo a dushe don a gyara launi daga baya, da RAW mai sauƙin nauyi, da firam 120 a Full HD, da damar adana saitunanka a kati. 1.4.0 ta buɗe hanyar tura 8K zuwa na'urar Atomos Ninja V+ a matsayin ProRes RAW. 1.5.0 a ƙarshen 2021 ta koya mata gane motoci da baburan tsere. A 2023 aka ƙara wani yanayi da sensa ke gusawa kaɗan-kaɗan ta haɗa hoto mai megafiksel 400. JPEG kawai yake bayarwa, kuma ko ganye ya motsa sai ya ɓata, don haka sai mai ɗaukar zane ko tsofaffin takardu zai more shi. Log 3 ɗin kam kullum da shi nake ɗauka, yana riƙe hasken sama da farar riga fiye da Log na farko.

Sabuntawar kanta ba wuya. Ka sauke fayil daga shafin Canon na hukuma, ba daga wani mahaɗi da aka turo maka ba. Ka goge kati a cikin kyamara, ka sa fayil mai ƙarewa da FIR a farfajiyar katin, ba cikin wata jaka ba. Batir ya zama cike. Ka shiga shafin saiti mai alamar sifana, ka zaɓi lambar manhaja, ka tabbatar, sannan ka janye hannunka. Kada ka taɓa maɓalli, kada ka buɗe ƙofar kati, kada ka kashe, har sai ta ce ta gama. Wutar da ta yanke a tsakiyar rubutu ita ce ke mayar da kyamara gawa. Ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba, ta ƙarshe ta ƙunshi duk na baya. Gilasan RF ma suna da tasu manhajar, ta cikin kyamarar ake sa musu ita suna ɗaure a jiki.

Ni ba na sabuntawa ranar da aka saki sabuwa, kuma ba na yi ana gobe aiki. Dubi lambobin da kansu: 1.1.0 ta fito, 1.1.1 ta biyo ta, 1.3.0, sai 1.3.1, 1.5.0, sai 1.5.1 da 1.5.2. Ƙaramar lambar nan ta ƙarshe gyaran abin da babbar ta zo da shi ce, kuma kamfanin bai tanadi hanyar komawa baya ba. Nakan bar masu zumuɗi su fara, in saurari abin da suka gani na 'yan makonni. Mai adaftar wani kamfani ko batir da ba na asali ba ya fi kowa buƙatar wannan jiran, domin Canon da kayanta take gwada manhajarta, ba da nasu ba. Adaftar da ke da ramin USB a jiki ta fi wadda ba ta da shi, ko ba komai ana iya gyara ta in sabuwar manhaja ta saɓa da ita.

Nan ma akwai dalilin da ya sa adaftar EF ta fi ƙarfin a kira ta matakin wucin gadi. Canon ta daɗe tana tsare bakin RF. A 2022 ta tabbata cewa ta sa Viltrox ta janye gilasanta masu fokas da kansu, kuma da aka ba Sigma da Tamron izini a 2024, da gilasan ƙaramar sensa suka fara. Ga mai R5 da ke son Sigma Art ko zuƙo-nesa na Tamron, ƙofar EF ce a buɗe, ga kuma tarin gilasan hannu na fiye da shekara talatin. Har na da can, masu baki irin FD da M42, suna hawa da zoben ƙarfe zalla, in ka ba kyamara izinin ɗauka ba gilashi, ka kuma rubuta mata tsawonsa don hana girgiza ta san lissafinta.

In ta hannu za ka saya, ka fara duba lambar manhaja; in ƙasa da 1.6.0 take, ba aibi ba ne, gyaran 'yan mintoci ne, amma kada ka auna zafinta kafin ka sabunta. Ka leƙa ramin HDMI ka ga ko ya saki, ka girgiza waya a ciki a hankali kana kallon allo. In tana kashe ka ji wani abu na ƙwas-ƙwas a ciki sa'ad da ka juya ta, sensar ce a sake, haka take, ba lalacewa ba ce. Ka duba ƙusoshin ƙasa da na gefe ko an taɓa kwance su, ka tambayi mai ita kai tsaye ko an buɗe ta don gyaran zafi, domin wanda bai iya ba yakan bar robar hana ruwa a karkace. Ka tanadi kuɗin katin CFexpress da na'urar karanta shi a cikin lissafinka, saboda 8K RAW ba ya shiga SD. Sannan ka zo da gilashinka na EF mafi nauyi da adaftar da za ka riƙa aiki da ita, ka sa 4K HQ, ka danna, ka bar ta tana ɗauka kuna ciniki.